Bizar aiki a ƙetare: daga can take farawa, ba daga hannun dillali ba

Da zarar an gama kaka, an zuba dammunan hatsi a rumbu, tashoshin mota na Maradi, Damagaram da Tawa sai su cika da samari masu ƴan jakunkuna. Tafiya bida ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. Kakanni sun je Kumasi da Akara, iyaye sun je Abijan, Legas, Sabha da Tamanrasat. Abin da ya sauya shi ne ɗan bidar yau ba ya tsayawa ga kuɗin mota da sunan wani ɗan garinsu da zai sauka wurinsa. Cikin wayarsa akwai sanarwa iri-iri da ke yawo a WhatsApp, Facebook da TikTok: ana neman direbobi a Dubai, masu gadi a Katar, ƴan aikin gona a Italiya, masu kula da tsofaffi a Kanada. Ƙarƙashin kowace sanarwa akwai lambar waya, bayan lambar kuma akwai wanda zai ce a fara turo kuɗin buɗe dosiye.

Daga nan ne gidaje da dama ke shiga lissafin da ba su saba ba. A sayar da sa, a jinginar da gona, uwa ta kwashi adashinta, yaya ya sayar da babur ɗin da yake kabu-kabu da shi. Duka dai don takarda guda da ake liƙawa cikin fasfo. Wasu sun samu, sun tafi, suna aiko da kuɗi. Wasu kuma har yau suna jiran kiran da ba zai zo ba. Abin da ya raba waɗannan da waɗancan sau da yawa ba sa'a ba ce kawai. Akwai magana ɗaya da masu tallar biza ba sa son a gane: a duk ƙasashen da matasanmu ke hanƙoron zuwa, mai ɗaukar aiki na can ne yake fara neman izini wurin hukumar ƙasarsa. In babu shi, babu bizar aiki, ko nawa aka biya a nan.

Ƙofofin da suka ƙuntata

Ba laifin matashi ba ne in ya ga kamar hanyar gaskiya ta toshe. Tun daga 2023 neman biza ya ƙara wuya ga mai fasfon Nijar. Faransa ta daina ba da biza a Yamai bayan sauyin mulki na 26 ga Yulin 2023, sannan a ranar 2 ga Janairun 2024 ta sanar da rufe ofishin jakadancinta. Wanda ke da hujjar zuwa can sai ya fara da wata tafiyar zuwa wata ƙasa, ya biya kuɗin mota ko jirgi, masauki da abinci, kafin ma a karɓi takardunsa. Amurka ta dakatar da ba da biza a ofishinta na Yamai a watan Yulin 2025, a watan Disamba kuma ta saka Nijar, Mali da Burkina Faso cikin jerin ƙasashen da ta hana wa ƴan ƙasarsu shiga, daga 1 ga Janairun 2026.

Kuɗin neman bizar ma ya hau. Bizar gajeren zama ta ƙasashen Schengen ta tashi daga yuro 80 zuwa 90 a watan Yunin 2024, wato jika 59 na sefa, kuma ba a mayar da su in an ƙi mutum. Ita wannan biza ta ziyara ce, ba ta ba da damar kama aiki. A gefe guda, albashi mafi ƙanƙanta da doka ta tsayar a Nijar jika 42 ne a wata tun farkon 2024, kuma mafi yawan matasa ko wannan ba su da tabbacin samu. Matsi a gida, ƙofa a ƙuntace a waje: sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Duk lokacin da wani ofishin jakadanci ya rufe tagarsa, kasuwar dillalai ce ke buɗewa.

Yadda takardar ke tafiya

Kowace ƙasa da sunan da take ba tsarinta, amma ƙashin bayan iri ɗaya ne. A Faransa, kamfanin da ke son ɗauko ma'aikaci daga waje shi ke neman izinin aiki ta intanet wurin hukuma. In sana'ar ba ta cikin jerin waɗanda ake ƙarancin ma'aikata a kansu, sai ya nuna ya yi cigiya a cikin gida bai samu ba. Sai izinin ya fito ma'aikaci ke neman bizar dogon zama, kuma harajin ɗauko baƙon ma'aikaci yana kan kamfanin.

A Italiya akwai dokar da ake kira Decreto Flussi, wadda ke ƙayyade yawan ma'aikatan da za su shigo daga wajen Turai. An tsayar da mutum 452,000 na shekarun 2023 zuwa 2025, da kusan 500,000 na 2026 zuwa 2028, kuma Nijar na cikin ƙasashen da aka lissafa a dokar ta 2023. Wannan labari ne mai daɗi, amma a lura da yadda ake shiga. A ranakun da aka tsayar, mai gona ko mai kamfani na Italiya ne ke tura buƙata da sunan wanda yake so. In an amince, sai a fitar da takardar izini mai suna nulla osta, da ita ake zuwa ofishin jakadanci. Bayan an sauka, akwai ƴan kwanaki ƙayyadaddu na sa hannu kan yarjejeniyar zama tare da mai aikin. Babu wani mataki a ciki da ɗan Tasawa zai iya yi wa kansa, ko wani ya yi masa daga wani shago a Yamai, in babu mai aiki na gaske a can.

A Kanada, yawancin masu ɗaukar baƙi sai sun samu takardar LMIA, wadda ke tabbatar da ba a samu ɗan ƙasa da zai yi aikin ba. Kuɗinta dalar Kanada 1,000 ne, mai aiki ke biya, kuma doka ta hana shi karɓarsu daga hannun ma'aikaci. Abin da ke kan ma'aikaci shi ne dala 155 na izinin aiki da dala 85 na ɗaukar zanen yatsu da hoto. Akwai kuma wata ƙofa da ta shafi ƴan Nijar masu ilimin boko: shirin Mobilité francophone, wanda ke ba masu jin Faransanci damar aiki a lardunan da ba Quebec ba, ba tare da LMIA ba. Tun watan Yunin 2023 aka faɗaɗa shi zuwa kusan dukan sana'o'i, ban da wasu ayyukan gona. Ko a nan ɗin ma, sai mai aiki ya shigar da tayinsa a shafin hukuma ya biya nasa kuɗin.

A Saudiyya, kamfani ko mai gida ne ke samun izinin ɗauko ma'aikaci. Kwantiragin ma'aikatan kamfanoni na bi ta dandalin Qiwa, na ƴan aikin gida kuma ta Musaned. Dokar ƙwadago ta ƙasar ta ɗora wa mai aiki kuɗin ɗauko ma'aikaci, kuɗin katin zama da ake kira iƙama, da tikitin komawa gida in kwantiragi ya ƙare. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ita ma ta hana a karɓi kuɗin ɗaukar aiki daga ma'aikaci.

Wanda ya dubi waɗannan tsare-tsare zai ga abu biyu. Na farko, takardar daga can take tasowa. Na biyu, kaso mafi tsoka na kuɗin yana kan mai aiki. Abin da ya rage wa matafiyi shi ne fasfo, gwajin likita, takardar shaidar rashin laifi daga kotu, fassarar takardu da kuɗin biza. To miliyan ɗaya ko biyu da ake nema wurin iyaye, na mene ne?

Kala uku na tarko

Tarko na farko shi ne wanda babu komai a bayansa: ba aiki, ba kamfani, ba biza. Ana turo wa mutum takarda mai tambari da hoton tuta, a ce an ɗauke shi, saura kuɗin inshora, sai kuɗin likita, sai kuɗin hanzarta dosiye. Ana karɓa kaɗan-kaɗan ta kamfanonin aika kuɗi, don kada mutum ya farga da wuri. Wanda ya riga ya zuba jika 300 yana jin nauyin tsayawa, sai ya ƙara. Wani lokacin abin ya wuce asarar kuɗi. A watan Afrilun 2025 hukumar ƴan sandan duniya Interpol ta sanar da kuɓutar da mutum 33 ƴan Afirka ta Yamma a Kwaddibuwa. An yi musu alƙawarin aiki a Kanada, suka biya maƙudan kuɗi, aka tsare su a Abijan, ana sa su ɗaukar hotuna a manyan otal-otal suna tura wa dangi kamar sun isa, don a jawo wasu. Hoton da ɗan unguwa ya turo ba hujja ba ce.

Tarko na biyu ya fi wuyar ganewa, domin bizar ta gaske ce, sai dai ba ta aiki ba ce. A ba mutum bizar yawon buɗe ido ta Dubai ko bizar Umra, a ce in ya isa za a juya masa ita. Yana sauka kwanakin bizar suka fara ƙirguwa. In suka ƙare, tara ta fara hawa kansa kullum, ga shi ba shi da damar yin aiki a fili. A watan Agustan 2024 Daular Larabawa ta ɗaga tarar mai ɗaukar ma'aikaci ba da izini ba zuwa tsakanin dirhami 100,000 da miliyan 1, abin da ya sa kamfanonin kirki ke gudun mai bizar ziyara. A Saudiyya kuwa mun daɗe da sanin rayuwar takari: aiki a ɓoye, gudun ƴan sanda, rashin damar zuwa asibiti da gaba gaɗi, daga ƙarshe gidan tarhil da jirgin komowa. Akwai waɗanda suka yi shekaru a haka suka tara abin da suka tara, amma ba wanda zai ce wannan ce bizar aikin da aka yi masa alƙawari.

Tarko na uku shi ne bizar aiki ta gaske da aka mayar haja. Wani a can yana da rajistar kamfani, ya nemi izinin ɗauko ma'aikata alhali ba shi da aikin ba su, ya sayar da izinin ta hannun dillalai. A ƙasashen Larabawa ana kiranta bizar ƴanci, wai mutum ya je ya nemi aikin da ya ga dama. Babu irin wannan biza a dokokinsu. Wanda aka kama yana aiki wurin wanda ba shi ne ke kan takardarsa ba, shi ke kwana a ciki. A Italiya abin ya kai har firaminista Giorgia Meloni da kanta ta kai ƙara wurin babban mai gabatar da ƙara kan ƴan mafiya a watan Yunin 2024, tana nuni da yadda buƙatun da ke fitowa daga wasu yankuna, musamman Campania, suka zarce ayyukan da ke akwai nesa ba kusa ba. Mutum ya shiga ƙasa da biza mai kyau, ya nemi mai aikin ya rasa, cikin ƴan watanni ya zama marar takarda. Kanada ma ta ga yadda ake cinikin LMIA, shi ya sa daga 25 ga Maris 2025 ta daina ba da ƙarin maki saboda tayin aiki a tsarinta na Express Entry.

Lissafin da ya kamata a yi a tsakar gida

A ce ma an dace, aikin na gaske ne. Katar ta tsayar da albashi mafi ƙanƙanta na riyal 1,000 a wata tun Maris 2021, da ƙarin riyal 500 na masauki da 300 na abinci in mai aiki bai tanade su ba. Riyal 1,000 ya kama wajen jika 160, gwargwadon yadda canjin dala yake. Kusan ninki huɗu ke nan na mafi ƙanƙantar albashin Nijar, don haka ba abin mamaki ba ne in saurayi ya ƙwallafa rai.

Amma mu ɗauka dillali ya karɓi miliyan ɗaya da rabi, kuma bashi aka ciwo. In yaron ya matse bakin aljihu yana aiko da jika 100 kowane wata, sai ya yi wata 15 kafin a biya uwar kuɗin. Yawancin kwantiragin ƙasashen Larabawa na shekara 2 ne. Ke nan fiye da rabin zamansa dillali ya yi wa aiki. In kuwa aka jinkirta albashi, ko rashin lafiya ta kama shi, ko aka sallame shi a watannin gwaji, gonar da aka jinginar ta tafi. Bashin nan kuma shi ne igiyar da ke ɗaure ma'aikaci. Wanda ya san an sayar da shanun gidansu saboda shi ba ya iya cewa a'a in an ƙara masa awoyi ko an rage masa kuɗi. Shi ya sa ƙungiyar ƙwadago ta duniya OIT ta tsaya kan ƙa'idar cewa bai kamata ma'aikaci ya biya kuɗin ɗaukarsa aiki ba.

Samun biza ba shi ne ƙarshen wahala ba

A yawancin waɗannan ƙasashe izinin zama a ɗaure yake da mai aiki guda. A ƙasashen Larabawa ana kiran tsarin kafala. An yi gyare-gyare: Katar ta soke sharaɗin neman yardar mai aiki kafin sauya wurin aiki a 2020, Saudiyya kuma daga 14 ga Maris 2021 ta sassauta sauya aiki da fita ƙasa ga ma'aikatan kamfanoni. Sai dai gyaran na Saudiyya bai haɗa da ƴan aikin gida, direbobin gida, makiyaya da masu aikin lambu ba, kuma nan ne mafi yawan waɗanda ba su da takardar shaidar sana'a ke faɗawa, musamman mata. Riƙe fasfon ma'aikaci haramun ne a dokokin ƙasashen, amma ana yi. Mai gida na iya kai rahoton cewa ƴar aikinsa ta gudu, daga ranar ta zama abin nema ga hukuma, ko da duka ko rashin biya ne ya kore ta.

Akwai kuma sauya kwantiragi. A nan an nuna wa mutum takarda da Faransanci mai cewa mai gadi ne, a can a miƙo masa wata da Larabci mai cewa lebura ne, da albashin da bai kai na farko ba. Wadda aka yi wa rajista wurin hukumar can ita ce kotu ta sani.

Duk da haka, ba adalci ba ne a ce duk tafiyar asara ce. A kowane gari akwai gidan da aka gina, ko shagon da aka buɗe, ko ƙannen da suka yi karatu da kuɗin wanda ke aiki a Jidda, Doha ko wani gari na Turai. In aka bincika, galibin waɗanda abin ya yi wa kyau suna da ɗaya cikin uku: sana'a a hannu da takardar shaidarta, kamar walda, gyaran lantarki, sanyaya ɗaki, tuƙin babbar mota ko aikin jinya, ko harshen da ake aiki da shi a can, ko wani nasu da ya riga su zuwa, ya san mai aikin ido da ido. Shekara guda a cibiyar koyon sana'a ta fi miliyan a hannun dillali kusantar da mutum ga biza.

Inda ƴan Nijar suka fi yawa

Maganar Kanada da Dubai na cika baki, amma mafi yawan ƴan bidarmu ba can suke ba. Suna Najeriya, Kwaddibuwa, Gana, Togo, Benin, Libiya da Aljeriya, kuma a nan ma batun takarda ya canza. Yarjejeniyar CEDEAO ta 1979 ce ta ba ƴan yankin damar shiga ƙasashen juna ba biza har kwana 90. Nijar, Mali da Burkina Faso sun kammala fita daga ƙungiyar a ranar 29 ga Janairun 2025, ranar da aka ƙaddamar da fasfon AES. CEDEAO ta ce za ta ci gaba da mutunta zirga-zirga da zaman ƴan ƙasashen uku har zuwa wani sabon mataki. Wannan sassauci ne na wucin gadi, ba haƙƙi ne da aka rattaba wa hannu ba. Da sauƙi a ƙasashen UEMOA irin su Kwaddibuwa, Togo da Benin, tunda Nijar na cikin wannan ƙungiya kuma yarjejeniyarta ta tanadi walwalar ma'aikata. Najeriya da Gana kuwa ba sa ciki.

Ta arewa, an soke dokar 2015-36 mai hukunta safarar baƙin haure a watan Nuwamban 2023, motoci suka koma bin hanyar Agadas a fili. Amma buɗewar hanya a ɓangarenmu ba ta ba kowa izinin aiki a ɗaya ɓangaren ba. Ƙungiyar Alarme Phone Sahara ta ƙirga sama da mutum 30,000 da Aljeriya ta koro zuwa iyakar Nijar a 2024. Ana sauke da yawa daga cikinsu a wurin da ake kira Point Zéro, su taka kilomita 15 cikin rairayi zuwa Assamaka. Mutanen Kance da Matamaye ba su manta da watan Oktoban 2013 ba, lokacin da aka tsinci gawar mutum 92, mafi yawansu mata da yara, da ƙishirwa ta kashe a hanyar Aljeriya.

A Libiya, alƙaluman hukumar OIM sun daɗe suna sa ƴan Nijar a sahun gaba na baƙin da ke zaune a ƙasar. Su ne a gonaki, su ne a wuraren gini, kuma galibinsu ba su da takardar aiki. A ƙarshen Nuwamban 2021 Nijar da Libiya suka sa hannu a Yamai kan takardar fahimtar juna game da ƙaurar ma'aikata, da nufin a riƙa ba da bizar aiki tun kafin a tashi. Ma'aunin irin wannan takarda ɗaya ne: ko ɗan Buza ko Keita da zai tafi Sabha bana ya san ofishin da zai je a yi masa rajista.

Abin da ke kan magabata

Hana tafiya ba zai yiwu ba, kuma ba shi ne maslaha ba. Kuɗin ƴan bida ne ke cike giɓin rumbu a ƙauyuka da dama in damina ta yi gardama. Abin da ake buƙata shi ne a mayar da ci-rani abin da ke da takarda. Wasu ƙasashe sun yi. Matan Maroko na zuwa tsinkar ƴaƴan itace a lardin Huelva na Spain kowace shekara da kwantiragin ƴan watanni, su gama su koma gida, ta hannun hukumar samar da aikin yi ta ƙasarsu. A watan Agustan 2024 firaministan Spain Pedro Sánchez ya zagaya Muritaniya, Gambiya da Senegal kan irin wannan tsari na zuwa da dawowa. Filifin kuma, wadda ta fi kowa gogewa a fitar da ma'aikata, ba ta barin kamfani ya ɗauki mutum sai da lasisi, kuma dokarta ta 1995 ta sa kamfanin da ya tura ma'aikaci ya ɗauki alhaki tare da mai aikin na waje in an ci haƙƙinsa.

Nijar ba ta rasa makaman doka ba. Akwai dokar ƙwadago ta 25 ga Satumban 2012, akwai hukumar samar da aikin yi ANPE, akwai kudurin doka na Disamban 2010 kan fataucin mutane da hukumar ANLTP da ke yaƙi da shi. Nijar ce ma ƙasa ta farko a duniya da ta amince da ƙarin yarjejeniyar OIT ta 2014 kan aikin tilas, a watan Mayun 2015, kuma wannan yarjejeniya ta wajabta kare ma'aikata, musamman baƙi, daga yaudara wajen ɗaukar aiki. Abin da ya rage shi ne talaka ya ga amfaninsu a ƙasa.

Abu uku ba sa buƙatar kuɗi mai yawa. A fitar da sunayen kamfanonin da aka yarje wa tura ma'aikata waje, a riƙa karanta su a gidajen rediyon jihohi da na karkara da Hausa, Zabarmanci da sauran harsunan ƙasa, don duk wanda ba ya ciki a san matsayinsa. A buɗe taga a ofisoshin ANPE na jihohi inda mutum zai kai tayin aikin da aka turo masa a duba masa kafin ya biya ko dala. Sannan a sa jami'an ƙwadago a ofisoshin jakadancinmu na ƙasashen da ƴan Nijar suka fi yawa, don wadda aka riƙe wa fasfo ta san lambar da za ta kira. Na huɗun, wanda ya fi nauyi, shi ne tattaunawa da ƙasashen da ke buƙatar hannun aiki, da kuma daidaita batun zama da aiki tsakanin AES da CEDEAO tun kafin sassaucin yanzu ya ƙare.

Su ma waɗanda aka damfara suna da nasu. Da yawa kunya ke hana su zuwa komisariya ko wurin jandarmomi, musamman in dillalin ɗan uwa ne, ko suruki, ko wanda ake sallah sahu ɗaya da shi. Sai a ce a bar wa Allah. Shirun nan ne jarin dillali, domin gobe zai koma unguwa ta gaba da takardun nan dai.

Kafin a kira mai sayen gona, akwai tambayoyin da uba ko uwa za su iya yi ko da ba su taɓa shiga lakwal ba. Wane ne mai aikin, mene ne sunan kamfaninsa, a wane gari yake? Ina kwantiragin, wa ya karanta mana shi cikin harshen da muke ji? Bizar da za a liƙa, ta aiki ce ko ta ziyara? Kuɗin nan, wane ofishi za su shiga, kuma za a ba mu rasit? Yaron da kansa zai je ofishin jakadanci, ko an ce ba sai ya je ba? Mai gaskiya ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi. Wanda ya ce a yi sauri guraben sun kusa ƙarewa, a turo kuɗi yau kafin la'asar, ya riga ya ba da amsa. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya, fitowa ce aiki.